Ka sabunta Ubuntu: dole ne sai ka kashe ka kunna?

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin 'yan uwanmu da suka koma Ubuntu don tsohuwar laftof ɗinsu ta huta: wai Linux ba ya buƙatar a kashe a sake kunnawa bayan sabuntawa. To, rabin gaskiya ce.

Idan manhaja tana buɗe, kwafinta da ke cikin RAM ne yake aiki. Sabuntawa kuwa fayil ɗin da ke kan faifai take canjawa, tsohon kwafin yana nan har sai an rufe manhajar. Don haka in Firefox ko LibreOffice aka sabunta, ka rufe ka buɗe, shi ke nan.

Kanel ne daban. Shi ne tushen tsarin, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, kuma shi ke shiga tsakanin manhajoji da na'urar kanta. Ba ya rufuwa muddin kwamfuta na kunne, sabon sai ya zauna a faifai yana jira. Haka ma glibc da kusan kowace manhaja ta dogara da shi, da direban Nvidia. Wanda ya sauke gyaran ɓarakar tsaron nan ta Dirty Pipe a 2022 bai sake kunnawa ba, ai data kawai ya ƙona, ƙofar tana nan a buɗe.

Ba sai ka yi canki-canka ba. A Ubuntu, duba ko akwai fayil ɗin /var/run/reboot-required. In yana nan, kashe ka kunna. Umarnin uname -r kuma zai nuna maka kanel ɗin da ke aiki yanzu. Akwai Livepatch na kamfanin Canonical mai toshe manyan ɓaraka ba tare da kashewa ba, amma ni a ganina wannan na masu saba ne, ba ɗalibi mai laftof ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kwamfuta ta mutu ana tsakar sabuntawa. In na je hutu gida Wanke, a shagon mai sola nake caji, ba na fara sabuntawa sai batir ya cika. In ta mutu maka a tsakiya, kunna ta ka rubuta sudo dpkg --configure -a ya ƙarasa abin da ya tsaya. Masu rubuta furojek kuwa, ku kwafe aikinku a filasha tukuna.