ME YA SA WANI KIƊA BA YA SHIGA KUNNENMU?

Da wuya a sami gidan da ba a taɓa gardama a kan kiɗa ba. Uba ya ce waƙoƙin zamani hayaniya ce kawai, ɗa kuma da ya ji an saki kalangun Mamman Shata sai ya tashi ya bar ɗakin. To, laifin kiɗan ne ko na kunnen? A ganina yawancin ƙiyayyar nan koyonta muke yi, ba a haife mu da ita ba.

Babban dalili shi ne rashin sabo. Kunne kamar harshe yake: wanda ya tashi da tuwo da miyar kuka, ranar da aka fara ba shi abincin baƙi sai ya yamutsa fuska. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Zajonc, ya nuna cewa yawan cin karo da abu yakan sa mutum ya fara sonsa. Idan kiɗa ya bi hanyar da ƙwaƙwalwa ta saba, tana iya hasashen inda zai nufa, sai ta ji daɗi. Idan ya ɓace mata gaba ɗaya, sai ta gaji ta kira shi surutu.

Ko Turawa ba su tsira ba. A 1913, da aka fara gabatar da wani sabon kiɗan rawa na Igor Stravinsky a birnin Paris, 'yan kallo sun yi ta ihu har masu rawa suka kasa jin makaɗa. Yau ana koyar da wannan kiɗa a manyan makarantun duniya. Haka kuma, a wani binciken da aka wallafa a 2016, masu bincike sun je wurin ƙabilar Tsimane a dajin Bolibiya, mutanen da ba su cika jin kiɗan Turai ba. Aka kaɗa musu sautukan da Bature ke cewa sun dace da juna, da waɗanda yake cewa sun yi karo. Su dai duk ɗaya suka ji su.

Amma sabo kaɗai bai isa bayani ba. Sau da yawa ba sautin ake ƙi ba, inda ake kaɗa shi ne da masu sauraronsa. Dubi goge. Zaƙin muryarsa ba ya ɓuya, amma da yake an daɗe ana haɗa shi da bori da gidajen giya, dattijo mai tsare mutuncinsa ba ya so a gan shi yana kaɗa kai. Mu ma a coci muna da irin wannan tarihi. A wurare da dama mishan na farko sun hana ganga a sujada, domin a idonsu kayan tsafi ce, sababbin masu bi da yawa kuma suka yarda da haka. Yanzu fa? Je ka taron Zumuntar Mata ka ga yadda tulu da ganga ke tayar da jama'a tsaye. Gangar ba ta sake ba, abin da take tuna wa mutane ne ya sake.

Wani lokaci kuma saƙon ne ke yin zafi. Waƙar "Zombie" ta Fela Kuti ta yi wa sojoji ba'a, a 1977 kuwa sojoji suka ƙone gidansa a Legas.

Akwai kuma batun tsara, wanda mu ɗalibai muka fi sani. Saurayi yakan zaɓi kiɗa don ya nuna ƙungiyar da yake ciki, ya kuma raina na wasu don kada abokai su ce masa baƙauye. Mutum nawa ne a ɗakunan kwananmu ke kushe kuntigin Ɗan Maraya Jos a gaban jama'a, alhali sun haddace baitocinsa tun suna firamare?