Renon sabbin malamai a fannin nazarin Anishinaabe

Renon sabbin malamai a fannin nazarin Anishinaabe tsari ne da ake bi a kwalejoji da jami'o'in yankin Manyan Tafkuna na Amurka da Kanada, inda ake haɗa sabon malami da gogaggen malami ko dattijon al'umma, domin ya ƙware a harshe da al'adu, ya kuma san ladubban koyar da su. Anishinaabe suna ne da ya tattara wasu ƙabilun 'yan asalin Arewacin Amurka masu tushe ɗaya, musamman Ojibwe da Odawa da Potawatomi. Ana samun su a jihohin Michigan, Wisconsin, Minnesota da Dakota ta Arewa, da lardunan Ontario da Manitoba. Harshen Ojibwe da Odawa shi ake kira Anishinaabemowin.

Asali

Buƙatar wannan reno ta samo asali ne daga makarantun kwana da gwamnatoci da coci-coci suka kafa don raba yaran 'yan asali da harshensu. Makarantar Carlisle da aka buɗe a Pennsylvania a 1879 ta zama abin koyi ga irinta, kamar ta Mount Pleasant a Michigan, wadda ta yi aiki daga 1893 zuwa 1934. A irin waɗannan makarantu ana hukunta yaro idan ya yi magana da harshen gidansu. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito ba su koya wa 'ya'yansu harshen ba, don kada su sha wahalar da su suka sha. Ta haka sarƙar gado ta tsinke a gidaje masu yawa.

Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara gyara. Jami'ar Minnesota ta kafa sashen nazarin 'yan asalin Amurka a 1969, majalisar dokokin Amurka kuma ta zartar da dokar tallafa wa kwalejojin ƙabilu a 1978. Al'ummomin Anishinaabe sun kafa nasu: Lac Courte Oreilles a Wisconsin a 1982, Bay Mills a Michigan a 1984, Fond du Lac a 1987 da Leech Lake a 1990, su biyun a Minnesota. A Kanada, Jami'ar Algoma da ke Sault Ste. Marie tana zaune ne a harabar tsohuwar makarantar kwana ta Shingwauk, wadda aka rufe a 1970, kuma a yau tana ba da digiri a harshen da aka taɓa hanawa a wurin.

Inda matsalar take

Hukumomin tantance kwalejoji sukan nemi malami ya kasance da babban digiri. Amma waɗanda suka tashi da harshen a baki galibi tsofaffi ne, kuma da yawansu ba su da takardar jami'a. Masu digirin kuwa yawanci sun koyi harshen ne da girmansu, wasu ma ba 'yan ƙabilar ba ne. Wato ilimin yana hannun wasu, takardar tana hannun wasu. Renon shi ne yake haɗa hannayen biyu.

Yadda ake renon

Abu na farko da ake nuna wa sabon malami shi ne yadda ake neman ilimi. A al'adar Anishinaabe, wanda zai roƙi dattijo wani sani yakan miƙa masa taba, wadda suke kira asemaa. Idan dattijon ya karɓa, ya ɗauki nauyin amsawa ke nan. Malamin da ya gayyaci dattijo aji ba tare da wannan ba, yana iya samun amsa ta ladabi amma marar zurfi, bai kuma san dalili ba.

Sai sanin lokaci da iyaka. Tsarkakan labaran da ake kira aadizookaanan ba a ba da su sai lokacin hunturu, sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, saboda haka dole malami ya tsara manhajarsa yadda darasinsu zai faɗo a wannan lokaci. Akwai kuma ilimin da ba na aji ba ne sam, kamar koyarwar ƙungiyar ibada ta Midewiwin, ko da wani mai bincike ya taɓa wallafa ta. Littafi ba ya koyar da wannan bambanci, sai zama da mutane, kuma a nan ne sabon malami ya fi saurin yin tuntuɓe.

Wani ɓangare na karatun a waje ake yin sa. A ƙarshen watan Agusta zuwa Satumba ana shiga tafki da kwale-kwale don girbin manoomin, shinkafar da ke tsirowa a ruwa, a farkon bazara kuma ana tatsar ruwan itacen mapul a dafa shi ya zama sukari. Kowane aiki yana da kalmominsa da addu'o'insa, kuma yana da alaƙa da haƙƙin farauta da su da girbi da yarjejeniyoyin 1837 da 1842 da 1854 suka tabbatar wa Ojibwe.

Game da harshen kansa, ana amfani da tsarin gwani da almajiri, wanda aka fara a California a farkon shekarun 1990: mai koyo yana yin sa'o'i da dattijo suna ayyukan yau da kullum ba tare da Turanci ba. Harshen ya dogara ne ƙwarai a kan aikatau, yana kuma raba sunaye zuwa masu rai da marasa rai, don haka haddar kalmomi kaɗai ba ta kai mutum ko'ina. Gogaggun malamai kuma sukan taimaka wa sabo da tsara jarrabawa, neman kuɗin bincike da shirin ƙarin girma.

Ƙalubale

Babban ƙalubale shi ne lokaci, domin dattawan da harshen ya zama na farko a gare su suna ta raguwa. Kwalejojin ƙabilu ƙanana ne, kuɗinsu kaɗan, kuma malamin da aka rena da wahala yana iya komawa babbar jami'a mai albashi mafi tsoka. Wannan ya sa ake gaggawar naɗar muryoyin dattawa, kamar a ƙamus ɗin intanet na Ojibwe People's Dictionary da Jami'ar Minnesota ta ƙaddamar a 2012, ana kuma sa rai ga yaran makarantu irin su Waadookodaading da ke Wisconsin, inda ake koyar da darussa cikin harshen Ojibwe tun 2001.