MASAUKIN BAƘI NA ƘUNGIYA: WURIN KWANA DA KARIN KUMALLO

Bayan an sayar da amfani, ƙungiya takan zauna ta yi shawarar abin da za a yi da ɗan rarar kuɗin da ya saura. Waɗansu su ce injin niƙa, waɗansu su ce kiwon kaji. Akwai kuma masu cewa a gyara ɗaki biyu ko uku, baƙo ya zo ya kwana, a ba shi karin kumallo da safe, ya biya ya kama hanya. Wannan shawara ta ƙarshe za mu duba yau, gama tana da riba in an bi ta da lissafi, tana kuma iya cinye jarin ƙungiya ba tare da kowa ya saci ko kwabo ba.

A Ingila an daɗe ana irin wannan sana'a, inda iyali sukan ware ɗaki a gidansu domin matafiya. Amma ba sai mun je can koyo ba. Tun zamanin fatauci da jakuna akwai fatoma a garuruwan kasuwa, wanda yakan sauki falke, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, sa'an nan ya karɓi la'ada. Mishan ma ta yi nata: gidan hutu na Miango, kusa da Jos, S.I.M. ce ta kafa shi fiye da shekara 100 da suka wuce.

Tambaya ta fari ita ce, wa zai kwana? Kada a sayi bulo ko ɗaya sai an amsa ta. Mu ɗauki ƙasar citta a kudancin Kaduna, wajen Kachia da Kwoi da Kagarko. Daga wajen watan Nuwamba, sa'ad da ake tona citta ana tsagawa ana shanyawa a iskar hunturu, masu saye sukan shigo daga Kano da Ikko da sauran wurare, su kwana biyu ko uku suna haɗa buhuna kafin mota ta cika. Waɗannan baƙi ne masu biya. Ban da su akwai malaman gona, da ma'aikatan rigakafi, da masu haƙa rijiyar burtsatse, da mutanen da suka zo biki ko jana'iza gidan dangi ya cika. Garin da ba shi da kasuwa, ba ya bakin hanya, ba asibiti ko makaranta kusa, to, gara a sayi injin niƙan. Sai a sa mutum biyu su yi wata guda suna tambaya a tasha da kasuwa: baƙi nawa suke zuwa, ina suke kwana yanzu, nawa suke biya, me yake damunsu a can?

A tuna kuma baƙin amfanin gona suna bin amfanin gona ne. A daminar 2023 ciwo ya faɗa wa citta a kudancin Kaduna, gonaki da yawa suka ruɓe. Shekarar da ba citta, mai saye ba shi da dalilin zuwa, ga shi kuwa a shekarar ce ƙungiya ta fi bukatar kuɗi. Saboda haka kada a ci bashi domin gina masauki. A fara da ginin da yake akwai, ko tsohon gidan malami ne, ko sito da ba a amfani da shi.

Yanzu ga lissafi. Kuɗin da za mu ambata misali ne kawai, kowace ƙungiya ta sa nata bisa ga farashin garinta. Ɗaki 2 a shekara kwana 730 ke nan. Kada wani ya ɗauki fensir ya ninka 730 da kuɗin ɗaki ya fara murna. A ce wata 3 na kaka ana samun kwana 40 kowane wata, watau 120. Sauran wata 9 kuwa a ce kwana 10 kowane wata, watau 90. Duka 210, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran dararen ɗakunan a rufe suke, amma mai kula yana karɓar albashinsa, gara tana cin azara, kwano yana tsatsa. A ce albashi da gyare-gyare da kuɗin izini suna cin ₦70,000 a wata, ko da baƙo ko babu. A shekara ₦840,000 ke nan. In aka raba shi da 210, kowane kwana yana ɗauke da ₦4,000. Sa'an nan kowane baƙo yana cin abinci da sabulu da ruwa da wanki, a ce na ₦2,500. Ashe kwana ɗaya ya tsaya wa ƙungiya ₦6,500 tun ba a yi maganar riba ba. In an sa ɗaki ₦8,000, ribar kowane kwana ₦1,500 ce, a shekara ₦315,000.

To, ga inda ramin yake. A ce cikin kwana 210 ɗin nan, 40 ba a biya ba. Ba su kai ɗaya a mako ba. Mai wa'azi ya zo taron farkawa, aka ce a kai shi masauki. Surukin shugaban ƙungiya ya zo, wa zai buɗe baki ya tambaye shi kuɗi? Wani ɗan kasuwa ya ce sai ya sayar ya dawo. Kwana 40 sau ₦8,000 ya zama ₦320,000. Ribar shekara duka ta tafi, har da ciko. Ba wanda ya yi sata, kowa alheri ya yi, amma da jarin gwauruwar da ta zuba kuɗin wakenta aka yi alherin.

Mun sani wannan magana tana da nauyi a kunnen mai bi, domin an koya mana karɓar baƙi, al'adarmu ma ta hana a tambayi baƙo kuɗin tuwo. Amma mu duba Littafi da kyau. Matar nan ta Shunem, cikin 2 Sarakuna sura 4, ta shirya wa Elisha ɗaki da gado da tebur da kujera da fitila, kyauta. Daga dukiyar gidanta ta yi, bayan ta yi shawara da mijinta. Basamariyen nan kuma na Luka sura 10, da ya kai mai rauni masauki, bai ce wa mai masaukin ya yi domin Allah ba. Ya ciro dinari 2 ya biya, ya kuma yi alkawarin cika sauran in ya komo. Shi ya yi jinƙan, shi ya ɗauki nauyin. Haka ya kamata a rubuta cikin dokar ƙungiya tun ranar fari: ba kwana kyauta. Baƙon ikilisiya, ma'ajin ikilisiya ya biya. Wanda ya kawo surukinsa ya biya masa. In ƙungiya tana so ta taimaki matafiyin da ya rasa, sai ta ware kwana 5 ko 10 a shekara, a sa su cikin lissafi tun da wuri, a rubuta kowanne. Fasto da dattawa su ne za su fara bin dokar nan, in ba haka ba mai kula ba zai iya tsare ta ba. Baƙo kuwa ya biya kafin a ba shi makulli.

Game da ɗakin kansa, baƙo ba ya neman ado. Katifa mai kyau, zanen gado kashi biyu domin a wanke ɗaya ana shimfiɗa ɗaya, gidan sauro, bargo saboda hunturu, ƙofa mai sakata ta ciki, da wurin cajin waya. A riƙa fitar da katifa rana, a duba ɗinkinta da tsagar gado saboda kuɗin cizo, gama ɗan kasuwa ɗaya da ya kwana yana susa ya isa ya ba da labari a tasha duka. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 janareto ya zama abin tsoro ga aljihu. Ƙaramin faifan hasken rana da batir ya isa ƙwan lantarki da caji. In dole sai janareto, a ajiye shi waje nesa da taga, kada kuma a bar kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe, domin hayaƙin da ba a gani, ba a kuma jin warinsa, yana kashe mutum cikin barci.

Bayan gida shi ne abin da baƙo yake fara dubawa. A haƙa masai a ƙalla mita 30 daga rijiya, a gangare da ita, a sa masa bututun iska mai raga a kai saboda ƙuda. Ruwan wanka mai ɗumi da asuba a watan Disamba ya fi fenti jawo mutane.

Karin kumallo shi ne wurin da manomi ya fi mai otal na birni, domin kusan kome daga gonar 'yan ƙungiya zai fito: koko da ƙosai, kunun gyaɗa, kunun acca, doya da ƙwai, shayi da zuma. Sai dai a saya a hannun mamba da farashin kasuwa, a biya shi nan take, a rubuta. Matar da take dafawa, ko daga Zumuntar Mata take, a yanka mata lada. Aikin sa kai yakan yi wata biyu ne ya mutu. A tambayi baƙo tun da dare ƙarfe nawa zai tashi, gama mai zuwa ƙauye sayen kaya ba zai jira koko har ƙarfe 8 ba.

Da yawa cikin masu sayen amfaninmu Musulmi ne, maƙwabtanmu ne kuma abokan cinikinmu. A tanadi buta da tabarma mai tsabta, a nuna musu gabas. Tukunyar masauki kada ta taɓa naman alade, garken aladu ma ya yi nisa da wurin. In za a sa nama, a sayo na mahautan kasuwa. Da watan azumi a mai da karin kumallo sahur. Giya kuwa, da kawo matan banza, a rubuta a ƙofa an hana, domin sunan ikilisiya yana kan gidan.

Ga sha'anin hukuma, ƙungiyar ta kasance da rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha, a nemi izini a ƙaramar hukuma, a gayyaci duba-gari ya duba tun kafin a buɗe, a kuma sanar da mai unguwa da 'yan sanda. A zamanin nan na rashin kwanciyar hankali littafin baƙi wajibi ne: suna, garin da mutum ya fito, lambar waya, abin da ya kawo shi, a kuma ga katin shaidarsa. Wanda ya ƙi nunawa a ba shi haƙuri.

Kuɗi kuma kada su kwana a hannu ɗaya. Mai kula ya yanka rasit mai kwafi, ma'aji ya karɓa kowane mako, wani mamba dabam ya gwada littafin baƙi da littafin rasit kowane wata, ya karanta a gaban taro. Masu biya ta waya su tura asusun ƙungiya, ba na mai kula ba. In baƙo ya roƙa a ajiye masa buhunan citta kamar yadda fatoma yake yi, a ƙirga a gabansa, a auna, a rubuta takarda biyu kowa ya sa hannu, a kuma faɗa masa tun da fari cewa citta takan rage nauyi in ta ƙara bushewa a sito.