RUMFAR BAKAN GIZO A LAMBUN MAKARANTA

Wata shekara na je rangadi wata makarantar ƙauye a ƙarshen watan Agusta, na tarar da yara sun kewaye ƙofar lambunsu, kowa ya yi jugum. Ashe rumfar da suka kafa wa duma ce hadarin daren jiya ya kayar, 'ya'yan duman da suka yi wata biyu suna jira duk sun kakkarye tun ba su ƙosa ba. Da na zaro dirka guda, sai na ga gindinta ya zama gari. Icen cediya ne, ramin kuwa bai kai kamu ɗaya ba. Na bar malamin bai sha faɗa ba, domin ni ma da nake koyar da aikin lambu a kwalejin horon malamai ban taɓa nuna wa ɗalibaina yadda ake wannan aiki ba. Abin da ya sa na rubuto ke nan.

Siffar bakan gizo ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya ga yadda aka ɗaura azara bisa azara, aka lulluɓe da ƙasa, har ta tanƙwaro ta haɗu a sama. Magina sun zaɓi azara ne domin gara ba ta cinta da sauƙi. To, wannan darasi shi ne farkon abin da mai rumfar lambu zai riƙe: icen da ke cikin ƙasa shi ke ɗauke da na sama.

Saboda haka a nemi dirkoki 4 na azara ko na ƙirya, kowace tsawonta ƙafa 8. A guji cediya da zogale da sauran itatuwa masu laushi. A ɓare ɓawon, sa'an nan a babbaka gindin kowace dirka a wuta har bayanta ya yi baƙi, misalin ƙafa 2 da rabi. Kada a zuba baƙin man mota cikin rami kamar yadda waɗansu ke yi, gama yana ɓata ƙasar da za a shuka abinci a kanta.

Sai awon fili. Faɗin ƙofa ƙafa 4, daga dirkar gaba zuwa ta baya ƙafa 3. A nan malami ya sami darasin lissafi a ɓagas. In an ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta aka sami ƙafa 5 daidai, ta kowane ɓangare, to, fili ya daidaita. In ba haka ba, a sake kafa turaku. A kuma sa bakin rumfar ya dubi gabas da yamma, domin hadarin farkon damina galibi daga gabas ya ke tasowa, gwamma iska ta ratsa ta ciki da ta bugi gefenta.

A haƙa kowane rami zurfin ƙafa 2, a zuba tsakuwa kaɗan a ƙasa don kada ruwa ya kwanta. A tsai da dirka, yaro guda ya riƙe igiya mai dutse a kusa da ita don a ga ko ta karkace. A riƙa mai da ƙasa kaɗan kaɗan ana daɓewa da taɓarya. Wanda ya zuba ƙasa gaba ɗaya ya tattake da ƙafa ya yi aikin banza.

Bakan kansa da ɗanyar sandar gora ake yinsa, a tsaga ta biyu, ko da tsumagun geza a haɗa uku ko huɗu. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka a sara da safe, a ɗaura kafin yamma. Rabin da'ira a kan faɗin ƙafa 4 tsawonsa ƙafa 6 ne da inci 3 da 'yan kai. A ƙara ƙafa guda ta kowane gefe don ɗauri, watau a yanki ƙafa 8 da rabi. Baka biyu za a yi, na gaba da na baya, tsororuwarsu ta kai ƙafa 8 daga ƙasa. Sa'an nan a yi tanka da sanduna a gicciye, tsakaninsu taƙi guda, tun daga gwiwa har sama, a ɗaure da igiyar kaba ko ta rama. Ƙusa tana tsaga gora, a bar ta. A kowane gefe a ƙara sanda guda a karkace, ita ke hana rumfa rangaji.

Me za a shuka? Soso da garafuni da wake mai yaɗo ba su da nauyi. Duman ludayi da na buta suna son rumfa ƙwarai, gama in ɗan duma ya rataya sai ya miƙe sosai, ba ya kuma ruɓewa ta gefen da zai taɓa ƙasa. Amma duman babbar ƙwarya ya fi ƙarfin wannan rumfa, a bar shi ya yi yaɗo a ƙasa. A shuka nesa da dirka kamar taƙi guda, tushe biyu a kowane gefe sun isa.

Lokacin aikin nan shi ne bazara, watan Maris ko Afrilu, don ƙasar ramin ta zauna kafin ruwa ya sauka. Kowane mako a sa yara biyu su duba gindin dirkoki, in sun ga gara ta fara ɗora ƙasa su kankare. Bayan kaka a sauke busasshen yaɗo, a sake igiyar da ta tsufa.

Makarantar nan da na ambata sun sake kafa tasu da ƙirya, na kuwa sha fura da ludayin da ya fito daga kanta. Malamai, da ku akawuna masu ɗan fili a bayan gida, ga bazara nan tafe. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.