Abin da takardar shaidar lafiyar mota ba ta faɗa wa mai saye

A hanyar da ta tashi daga Sheme ta ratsa Ruwan Godiya zuwa Ƙanƙara, mutuwar mota ba ƙaramin al'amari ba ne. Shekarun da ƙananan hukumomin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa suka shafe suna fama da 'yan bindiga sun sa ɗan kasuwar da ke saro kaya a Funtuwa, ko ma'aikacin da aka tura aiki ƙauye, ba ya fatan mota ta tsaya masa a daji bayan la'asar. Sau da yawa kuma abin da ke tsayar da ita ba inji ba ne. Batir ne, ko na'urar cajinsa, ko wata waya da ta tsinke.

Duk da haka, idan an je sayen motar hannu, fenti da ƙarar inji ake dubawa, sai dillali ya miƙo takardu, ciki har da ta shaidar lafiyar mota da jami'an VIO ke bayarwa, a ɗauka magana ta ƙare.

Wannan takarda tana da iyakarta. Manufarta ita ce tabbatar da cewa motar ba za ta zama haɗari ga jama'a a kan titi ba: birki na kamawa, fitilu da sigina na aiki, tayoyi ba su cinye ba, gilashi da madubai suna nan. Ba ta cewa komai a kan yawan shekarun da suka rage wa giya, ballantana kuɗin da motar ta cancanta. Ko a Birtaniya, inda ake yi wa duk motar da ta kai shekara 3 gwaji kowace shekara, kuma mai saye kan iya duba tarihin gwajin kyauta a intanet, gwajin ba ya shiga cikin lafiyar inji da giya. A nan gida kuwa, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu kan sabunta takardar ta hannun 'yan tsakani ba tare da an ga motar ba.

Saboda haka binciken ya koma kan mai saye, kuma mafi sauƙinsa shi ne na lantarki. Da ƙaramar mitar da kowane mai gyaran wayarin mota ke da ita, batirin da ya kwana ba a tayar ba ya kamata ya nuna kimanin bolt 12.6. Idan ya sauka zuwa 12.0, ya kusa ƙarewa. Da an tayar da inji, awon ya hau tsakanin 13.5 da 14.7, ya kuma tsaya a nan ko an kunna fitilu da na'urar sanyaya mota. In bai hau ba, na'urar caji ba ta aiki, motar tana cin batir ne kawai, kuma za ta mutu a hanya da zarar ya ƙare. Zafin bazara na ƙara dagula lamarin, domin zafi na rage wa batir kwana.

Akwai wata tsohuwar al'ada ta cire kan batir alhali inji na aiki, wai don a ga ko yana caji. A tsofaffin Fijo an sha yin haka an kwana lafiya. A motar zamani kuwa, hakan na iya ƙona ƙwaƙwalwar motar, wadda kuɗinta ya ninka na batirin. Haka nan fiyus da aka maye gurbinsa da guntun waya: an yi fiyus ne don ya ƙone kafin wayoyi su kama wuta, wanda ya ɗaure shi da waya ya cire wannan kariya.

Fitilar gargaɗin inji ma tana da nata labarin. Ƙa'ida ita ce ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ko kaɗan, mai yiwuwa an cire ta ne ko an rufe. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da wurin soka na'urar bincike a ƙasan sitiyari, kuma na'urar kan nuna har ma idan an goge bayanan matsala kwanan nan, domin motar ba za ta gama gwaje-gwajen kanta ba sai ta yi 'yar tafiya.

Mafi hatsari su ne motocin ambaliya. Bayan guguwa irin ta Harvey da ta auka wa Texas a 2017, kamfanonin inshora kan yi gwanjon motocin da ruwa ya cinye, wasunsu su biyo jirgi zuwa Afirka ta Yamma. A wanke, a goge, su fito fes, amma tsatsa na ci gaba da cin mahaɗar wayoyi a ɓoye, sai bayan watanni matsaloli su riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Warin danshi, busasshen taɓo a ramin tayar safaya da tsatsa a ƙarƙashin kujeru su ne alamu. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 kan fito da tarihin motar Amurka a intanet, har da tafiyar da ta yi, wadda ake lissafawa da mil, kowane mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

Farashi shi ne wurin da aka fi ruɗewa. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023, motocin da ake shigowa da su suka yi tsada, na hannu suka bi su, har wasu suka sayar da mota sama da yadda suka saye ta. Cire tallafin man fetur ya ƙara wa ƙananan motoci marasa shan mai daraja. Sannan akwai takardun kwastam: an hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, kuma wadda ba a biya mata haraji ba ana iya kama ta a hanya, komai arahar da aka same ta. Inshorar dole ma ta tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a 2023. Duk abin da mai wayarin ya gano, daga batir zuwa na'urar caji, kuɗin gyaransa ne za a cire daga farashi kafin a yi sallama, a kuma biya dillali la'adarsa.