Janwe ta ɗauke motarka: ina hurumin hukuma ya tsaya?

Duk wanda ya saba bin titunan da suka kewaye Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a Kano da hantsi ya san yadda faffaɗan titi ke komawa lungu. Wannan ya ajiye mota ya shiga cinikin atamfa, wancan ya tsaya sauke kaya, ɗan adaidaita ya cusa kai tsakani. In janwe ta iso ta ɗaga guda, masu wucewa su ce madalla, mai motar kuwa ya fito yana rantsuwa an zalunce shi. Sau da yawa kowannensu yana da gaskiyarsa. Dalilin ɗauke motar yana nan a doka, amma abin da ke biyo baya a harabar ofis ba kullum yake da madogara ba.

Hujjar da aka fi ji a bakin masu mota ita ce "ai ƙofar gidana ce" ko "gaban shagona ne". Wannan ba ta tsayawa a gaban alƙali. Takardar filinka ta ƙare a iyakar filinka; kwalta da gefenta hanyar jama'a ce, kuma hukuma na da ikon tsara yadda za a yi amfani da ita. Malaman fiƙihu ma tun da daɗewa sun hana mutum cin hanya da gini ko kaya idan hakan zai cutar da masu wucewa.

Sai dai mota dukiya ce, kuma sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a karɓe wa mutum dukiyarsa da ƙarfi sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Sashen ya bar ƙofa ga hukunci kan karya doka, da riƙe kaya na ɗan lokaci domin bincike. Sashe na 36 kuma ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka, sannan a ba shi damar kare kansa. Saboda haka abin da ya kamata a fara tambaya, kafin gardamar ko fakin ɗin ya yi daidai, shi ne: wace doka ce ta ba wannan hukumar ikon taɓa motar?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Babangida, Wole Soyinka na shugabanta na farko, tana da amsarta a rubuce. Sashe na 10 na dokarta ta 2007 ya ɗora mata aikin kawar da duk abin da ya tare hanya, ya kuma ba jami'anta ikon ɗauke motar da aka ajiye ta hana wucewa, su tsare ta. Dokar ta sa kuɗin ajiya naira 200 a kowace rana, adadin da yau ko lita ɗaya ta fetur ba zai saya ba, amma shi ne a rubuce. Idan wata shida suka wuce mai mota bai zo ba, hukumar ba ta da ikon sayarwa da kanta. Sai ta nemi Babbar Kotu ta mallaka mata, sannan a yi gwanjo, kuɗin ya shiga baitulmali. Wanda ya taɓa kwana a Tafa ko Mararrabar Jos saboda tireloli sun jeru a bakin titi, ko ya ga abin da tankar da ta lalace cikin dare ba alama ke yi wa motar haya, ba zai ce wannan iko ya yi yawa ba.

A cikin gari kuwa, galibi hukumomin jiha ne ke aikin: KAROTA a Kano, wadda aka kafa a 2012, KASTLEA a Kaduna, LASTMA a Legas tun 2000. Kowace tana tafiya ne kan dokar da majalisar jiharta ta yi, kuma tarar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Dalilan dai kusan iri ɗaya ne: ajiye mota inda aka kafa alamar hani, ko a kan gada, ko kwana, ko mahaɗar tituna, ko hanyar masu tafiya a ƙasa, ko jera ta a gefen wata har ta ci rabin titi, ko barin matacciyar mota ta yi kwanaki.

Abuja ce ta fi koya wa masu mota darasi, har sau biyu. A shekarun baya hukumar birnin ta ba wasu kamfanoni kwangilar karɓar kuɗin fakin a tituna, suna ɗaure tayar wanda bai biya ba ko su ja motarsa. A watan Afrilu 2014 Mai shari'a Peter Affen na Babbar Kotun Abuja ya rushe tsarin. Bai ce tsarin ba shi da amfani ba. Ya ce babu dokar da ta kafa shi, kuma ba a karɓar kuɗi a hannun jama'a da umarnin ofis kawai. Shekara goma bayan nan, a watan Oktoba 2024, Mai shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya ta yanke cewa jami'an duba lafiyar motoci (VIO) na Abuja ba su da dokar da ta ba su ikon tare mota, ko ƙwace ta, ko cin tara, a ƙarar da lauya Marshal Abubakar ya shigar. A nan sai an yi hattara, domin labarin ya bazu a tashoshin mota kamar an soke kamu a faɗin ƙasa. Hukuncin ya tsaya ne kan rashin doka a Abuja. Direban da ya ɗauko shi ya kai wa ɗan KAROTA a Ƙofar Nasarawa zai tarar Kano na da tata dokar.

A ganina inda aikin ke karkacewa shi ne lokacin da aka mai da janwe hanyar tara kuɗin shiga. An ba da ikon ɗauke mota ne domin a buɗe hanya. Idan direba yana zaune a ciki, injin na aiki, yana cewa zai matsa, jan motar ba ya ƙara wa hanya faɗi. Takardar laifi ta wadatar. Haka nan riƙe mota har sai an biya adadin da jami'i ya faɗa da baki, ba takarda ba rasit, ya mai da mutum ɗaya mai kamu, mai ƙara, kuma alƙali.

To, me mai mota zai yi? Kada ya yi kokawa, kada ya kwanta gaban janwe. Hana jami'i aiki laifi ne mai zaman kansa, sau da yawa ya fi na fakin nauyi. Wayarsa ta fi masa amfani: hoton wurin, da alamar hani in akwai, da rashinta in babu, da jikin motar kafin a ɗaga ta. Ya tabbatar wace hukuma ce da inda za a kai motar, domin akwai 'yan damfara masu rigar aro. A ofis ya nemi takardar da ta faɗi laifin da sashen dokar da adadin tarar, ya biya ta banki ko asusun gwamnati, ya riƙe rasit. Na goro a bayan ofis yana iya fito da mota da wuri, amma ya shafe duk wata shaidar da zai kai ƙara da ita, ya kuma sa mai bayarwa cikin laifi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne takardar tara zaɓi ce. Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Ediru da Hukumar Kiyaye Haɗurra, ta amince da takardun hukumar ne bisa cewa wanda aka ba yana iya biya ya huta, ko ya ƙi a gurfanar da shi. Wanda ya yarda da gaskiyarsa yana iya cewa a kai shi gaban majistare ko kotun tafi-da-gidanka. Matsalar ita ce lissafi: ɗan tasi da ke kai balas kullum ba zai iya barin mota ta yi mako a tsare ba. Irinsa ya fi sauƙi ya biya, ya rubuta cewa bai amince da laifin ba, ya karɓi motarsa, ya bi kadi daga baya. Kafin ya fita da ita ya duba bamba da giya da kayan ciki, domin motar da ke hannun hukuma amana ce, kuma ana iya neman diyyar abin da ya lalace ko ya ɓace.

Ƙorafi yana farawa daga shugaban hukumar a rubuce, sai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, ko takwararta ta Kano. In abin ya kai ga kotu, akwai hanya biyu, kuma lokaci ne ya raba su. Ƙarar diyya a kan jami'in gwamnati tana iya faɗuwa idan wata uku suka wuce, saboda dokar kare ma'aikatan gwamnati, kuma wasu hukumomin sai an ba su sanarwa kafin a maka su. Ƙarar tauye haƙƙin ɗan'adam kuwa, ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, ba ta da wannan wa'adin.

Wanda ya yi fushi ya bar motar a can shi ne ya fi kowa asara. Kuɗin ajiya na taruwa, rana da ruwan sama na cin ta, daga ƙarshe kotu ta ba da izinin gwanjo. A watan Satumba 2022 gwamnatin Legas ta yi gwanjon motoci 134 da kotu ta ƙwace kan laifuffukan hanya, wasu masu su suna tsaye a wurin suna tayawa da sauran jama'a.