Azumin Rage Ƙiba: Me Kimiyya Ta Gano?

Azumi ba baƙon abu ba ne ga mazauna unguwar Television da maƙwabtanta irin su Barnawa da Kakuri, a kudancin Kogin Kaduna. Musulmi suna azumtar watan Ramadan, wasu kuma su ƙara da Litinin da Alhamis. Kiristoci da dama suna kiyaye kwanaki 40 na gabanin Ista. Sai dai a 'yan shekarun nan wani azumin ya shigo, wanda ba don ibada ake yin sa ba, don rage ƙiba kawai.

Tsarinsa iri biyu ne suka fi shahara. Na farko, mutum ya ƙaurace wa abinci na sa'o'i 16, ya ci a cikin 8 ɗin da suka rage. Na biyu, ya ci yadda ya saba kwana 5 a mako, ya rage abinci ƙwarai a sauran kwana 2. Wani likita kuma ɗan jarida na Ingila, Michael Mosley, shi ya yayata wannan na biyu a wani shirin talabijin na BBC a shekarar 2012. A irin wannan azumi ana shan ruwa.

Abin da ke faruwa a jiki

Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa, hanji yakan mayar da sitacin cikinsu sukari, ya shiga jini. Daga nan sinadarin insulin ya sa ƙwayoyin jiki su karɓi sukarin, hanta kuma ta adana kimanin giram 100 a siffar da ake kira gilaikojin. Idan an ɗauki sa'o'i 12 ko fiye ba a ci kome ba, wannan ajiya takan ja baya, insulin ya sauka, jiki ya koma ƙona kitsen da ya tara. Wannan shi ne hujjar masu yabon tsarin.

To amma shin ya fi rage abinci irin na yau da kullum? A shekarar 2022 masana a birnin Guangzhou na ƙasar Sin sun wallafa sakamakon binciken shekara guda a kan masu ƙiba 139. Duka an ƙayyade musu yawan abinci, amma rabinsu an ce su ci tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma kawai. Waɗannan sun rage kilo 8, sauran kuwa kilo 6.3, bambancin da masanan suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Ashe yawan abin da aka ci ya fi lokacin cin muhimmanci.

Watan Ramadan ma shaida ne. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna masu azumi sukan rage kilo guda ko fiye kaɗan, nauyin kuma ya dawo cikin 'yan makonni bayan Salla. Dalili a fili yake: giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci kuwa 4 kacal. Wanda ya wuni da yunwa, sannan ya cika ciki da ƙosai, soyayyar doya da lemon kwalba, ya mayar da abin da ya ƙona.

Gargaɗi ga ɗalibai da malamai

Yaro ko yarinya da ke makarantar sakandare jikinsu na kan gina ƙashi da tsoka, 'yan mata kuma suna bukatar sinadarin ƙarfe don mayar da jinin da suke rasawa kowane wata. Ƙin cin abinci don neman siranta yana iya jawo jiri, ƙarancin jini da kasa mayar da hankali a aji. Malamin da ya ga ɗaliba tana ramewa tana gudun abinci, ya kamata ya sanar da iyayenta da wuri. Haka nan mata masu ciki, masu shayarwa, masu gyambon ciki, da masu ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin, kada su shiga wannan tsari sai da shawarar likita.

Baligin da ke son sanin matsayinsa, ya raba nauyinsa a kilo da tsawonsa a mita, ya sake rabawa da tsawon. In sakamakon ya kai 25, nauyi ya yi yawa. In ya kai 30, ƙiba ce, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Maganinta kuwa sananne ne: rage mai da zaƙi, yawaita ganye da wake, da tafiya a ƙasa kullum.